Za a kawo jirage marasa matuƙa sansanin da ke kusa da mu: da gaske ba abin da zai taɓa muhalli?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya. Ya ce gidansu na kusa da wani sansanin sojin sama, an sanar cewa za a girke rundunar jirage marasa matuƙa a wurin, kuma takardar nazarin muhalli da aka fitar ta ce babu wata illa ta a zo a gani. Yana so ya sani ko maganar gaskiya ce, ko kuwa rufa-rufa ce irin ta hukuma.

Malam, na shafe shekaru ina aikin irin waɗannan takardu na filayen jiragen sama, wani lokaci ina cikin masu rubutawa, wani lokaci ina cikin masu tsefewa. Abin da zan ce maka shi ne, yawanci takardar ba ƙarya take yi ba game da shi kansa jirgin. Inda take da rauni shi ne awon da take amfani da shi, domin ya fi dacewa da jiragen yaƙi masu tashi su dawo cikin awa biyu, da kuma abubuwan da jirgin ke janyowa ƙasa, waɗanda su ne suka fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Kafin komai, nemi amsar tambaya guda: me jiragen za su maye gurbinsa? Kusan duk hukuncin da ke cikin takardar a kan wannan ya rataya. Nazarin muhalli ba ya auna sabon abu da dajin da ba kowa, yana auna shi ne da halin da wurin ke ciki a yau. Ka ɗauki filin Hancock da ke Syracuse a jihar New York ta Amurka. Rundunar da ke wurin ta rabu da jiragen yaƙi na F-16 a 2010, ta koma jirgi marar matuƙi MQ-9 Reaper. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da titin jirgi lokacin da F-16 ke tashi ya san ƙirjinsa ma rawa yake yi. Reaper kuwa inji ɗaya gare shi mai farfela a baya, ƙarfin doki 900 ko makamancin haka, irin injin da ake sa wa ƙananan jiragen fasinja. A wuri irin wannan, in takarda ta ce ƙara za ta ragu, gaskiya ta faɗa. Har wani abu ma da mutane ba su cika sani ba yana tafiya tare da F-16: jirgin na ɗauke da sinadarin haidirazin mai guba don injinsa na gaggawa, kuma duk sansanin da ke da shi sai ya tanadi wurin ajiya da ma'aikatan da za su tunkari yoyonsa. Masu cewa tsugunne ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri, a nan kam ba su yi adalci ba.

In kuwa ƙari za a yi a kan jiragen da ke akwai, ko kuma wani tsohon fili da ya yi shekaru shiru za a farfaɗo, labari ya sha bamban. Kalma ɗaya ce, wato babu illa, a takardun biyu, amma abin da maƙwabta za su ji ba ɗaya ba ne.

Bari in daɗe kaɗan a kan ƙara, don nan ne aka fi yi wa jama'a wayo ba tare da an yi musu ƙarya ba. Ma'aunin da Amurka ke amfani da shi, kuma ƙasashe da dama na da mai kama da shi, matsakaicin ƙarar awa 24 ne, a kan shekara guda. Ana ƙara desibel 10 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) ga duk tashi ko saukar da aka yi tsakanin ƙarfe 10 na dare da 7 na safe, wato tashi ɗaya na dare daidai yake da goma na rana. Sai a ja layi a taswira inda matsakaicin ya kai desibel 65. Gidan da ke cikin layin an ce ƙara ta dame shi, wanda ke waje an ce lafiya lau. Yadda lissafin desibel yake, in ka ninka yawan tashin jirage sau biyu, desibel 3 kacal za ka ƙara. Kuma in ka haɗa ƙaramar ƙara da babba, babbar ce ke haɗiye ƙaramar. Saboda haka a sansanin da jiragen yaƙi ke aiki, kana iya zuba Reaper 24 layin bai motsa da ko taku goma ba. Injiniya zai nuna maka taswira biyu, ta da da ta yanzu, ka rasa bambancinsu.

To amma kunnen mutum ba matsakaici yake ji ba. Jirgin yaƙi ya wuce kamar tsawa, cikin daƙiƙa talatin an gama. Marar matuƙi a hankali yake tafiya, a hankali yake hawa sama, kuma inda ake horar da masu sarrafa shi sai ya yi ta kewaya fili yana taɓa titi yana sake tashi, sau da dama a jere, domin tashi da sauka su ne mafi wuyar aikin. Aikinsa kuma ba ya bin agogon ofis. Jirgin da zai yi awa ashirin a sama, wanda zai karɓe shi dole ya tashi a duk lokacin da lissafi ya faɗa, ko da ƙarfe uku na dare ne. Akwai kuma gwajin inji a ƙasa bayan gyara, inda ake ɗaure jirgi a wuri ɗaya a yi ta ba shi wuta. Na taɓa halartar wani taron jin ra'ayin jama'a inda wata dattijuwa ta saurari bayanin desibel har ƙarshe, sannan ta ce ita abin da take so ta sani shi ne sau nawa za a tashe ta a dare. Babu wanda ke da amsa a cikinmu, alhali lambar tana cikin kwamfutar da aka yi lissafin, ba a dai buga ta ba ne. Mutanen Gaza da suka yi shekaru a ƙarƙashin irin waɗannan jirage sun sa musu suna zanana saboda zizarsu. Can ba shakka tsoro ne ke sa ƙarar ta yi nauyi, ba kamar maƙwabcin sansani ba, amma sunan ya nuna maka cewa abin da ke gajiyar da mutum shi ne ƙarar da ba ta yankewa.

Kada kuma a haɗa duk marasa matuƙa a buhu ɗaya. Global Hawk, babban jirgin leƙen asiri wanda ke sansanonin kamar Grand Forks a North Dakota, da ƙannensa biyar na ƙungiyar NATO da ke Sigonella a tsibirin Sisili na Italiya, injin jet gare shi, faɗin fikafikansa ya kusa mita 40, yana ɗaukar mai kusan kilo 7,800. Tashinsa ana jin sa sosai, sai dai nan da nan yake haurawa ƙafa 60,000 ya ɓace, yana iya yin awa talatin ko fiye bai dawo ba. Shi tashinsa kaɗan ne mai ƙarfi, Reaper a sansanin horo kuwa mai yawa ne marar ƙarfi. Ka duba wanne za a kawo muku, kuma horo za a yi ko aiki.

Batun hayaƙi ba zai ɗauke mu lokaci ba. Tankin Reaper kusan kilo 1,800 ne, kuma in ba ya ɗauke da makamai yana iya kaiwa awa 27 da shi. F-16 na ɗaukar kusan kilo 3,200 a cikinsa, ya ƙone shi cikin awa ɗaya zuwa biyu. A kowace awa, bambancin kamar na babur da tirela ne. Kowane kilo na man jirgi yana fitar da kilo 3.16 na iskar kabon, don haka cikakken tankin Reaper kusan tan 5.7 ne. Ba kaɗan ba ne in ka tuna ana son jirgin ya kasance a sama kullum, amma ba shi zai gurɓata iskar unguwarku ba. Abin lura kawai shi ne lissafin ingancin iska yana tsayawa ne a ƙafa 3,000, tsayin da ake ɗauka cewa hayaƙin da ke ƙasa da shi ne ke gauraya da iskar da mutane ke shaƙa. Ga lafiyar maƙwabta wannan daidai ne. Ga ɗumamar duniya kuwa, jirgin da kusan duk rayuwarsa a sama da wannan tsayi yake yi ya kuɓuce wa teburin lissafi. Kuma tun yarjejeniyar sauyin yanayi ta Kyoto ta 1997 aka yi wa hayaƙin soja sassauci, ta Paris ta 2015 ma ta bar wa kowace ƙasa zaɓin bayyana nata.

Yanzu ga inda ni nake fara buɗewa in an miƙo mini irin takardar nan: shafin yawan mutane da shafin gine-gine. Sunan nan na “marar matuƙi” yana ruɗin jama'a. Alƙaluman da rundunar sojin saman Amurka ta bayar wajen 2011 sun nuna cewa don a riƙe Predator ɗaya, wato marar matuƙin da ya riga Reaper fitowa, a sama dare da rana ana buƙatar mutum kusan 170, Global Hawk kuwa kusan 300, alhali F-16 bai kai 100 ba. Akwai matuƙi da mai kula da kyamara masu karɓa-karɓa, akwai makanikai, masu harhaɗa makamai, masu sadarwa, ga tarin masu zama suna kallon bidiyon da jirgin ke aikowa. Kowannensu da iyali, da mota, da buƙatar ruwa da makaranta da wurin zubar da shara. Har akwai sansanin da aka kai wa rundunar Reaper ba tare da jirgi ko ɗaya ba, wato Shaw a South Carolina, inda matuƙa ke zaune a ɗaki suna sarrafa jiragen da ke wata nahiya ta tauraron ɗan'adam. Sararin samaniyar garin bai canja ba, amma an yi gini, cunkoson ƙofar sansani ya ƙaru, ga ɗakunan kwamfuta da ake sanyayawa ba dare ba rana, da janaretocin ko-ta-kwana da tankunansu na dizal, domin wutar ɗakin da ake tuƙa jirgi ba ta ɗaukewa ko na minti ɗaya.

Abin ya fi tsanani saboda irin wuraren da ake zaɓa. Waɗannan jirage na son sarari marar cunkoso da yanayi marar hadari, shi ya sa manyan sansanoninsu a Amurka suke cikin busassun wurare: Creech a hamadar Nevada, Holloman da Cannon a New Mexico. Ƙarin ɗaruruwan iyalai a inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke ja da baya kowace shekara ya fi duk hayaƙin jiragen tasiri. Gini ma haka. Reaper faɗin fikafikansa mita 20 ne, jikinsa ba ya son ƙanƙara da guguwa, don haka sai an yi masa rumfa, an faɗaɗa wurin ajiye jirage, an gina rumbun makamai da filin da doka ta ce a bari babu kowa a kewayensa. Duk ƙasar da aka shafe da siminti ta daina shan ruwan sama, sai ya gangara da gudu ɗauke da mai da gishirin ƙarafa zuwa rafi mafi kusa. A hamadar Mojave akwai kunkurun da aka sa cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazana tun 1990, kuma kafin katafila ta shiga sai masana sun bi filin da ƙafa suna leƙa ramuka, an kewaye wurin da shinge. Sau da yawa wannan kunkuru ya fi maƙwabta samun shafuka a cikin takarda, ba don an fi son sa ba, sai don shi yana da dokar 1973 da ke tilasta a tuntuɓi hukumar namun daji a kansa.

Tsuntsaye kuwa, hatsarin da suke fuskanta daga jirgin bai kai wanda suke fuskanta daga masu kare jirgin ba. Tun bayan da babban jirgin radar E-3 ya ci karo da garken dinya a sansanin Elmendorf na Alaska a 1995 mutum 24 suka mutu, sansanoni suka ƙara tsananta korar tsuntsaye: a cike kududdufi, a sare bishiyar da suke kwana, a daidaita tsayin ciyawa, a harba abin tsoratarwa, wani lokaci a kashe. In sansanin dama yana aiki, wannan ba sabon abu ba ne. In tsohon fili ne da fadama ta dawo masa, shi ne asara mafi girma, kuma a takarda za ka gan shi ƙarƙashin babin tsaron jirage maimakon babin namun daji.

Sai maganar da ta fi kowace tayar mini da hankali, wato ruwan sha. Tun shekarun 1970 sojojin sama ke amfani da wata kumfar kashe gobarar mai, mai ɗauke da sinadaran da ake kira PFAS. Ba sa ruɓewa, suna bin ruwa su nutse ƙasa, suna taruwa a jinin mutum da na dabba. A 2018 aka gano sun kai rijiyoyin da ke kusa da sansanin Cannon, kuma wani mai kiwon shanun madara a wurin ya ƙare da hallaka shanu fiye da 3,000 saboda madararsu da namansu ba su sayuwa. A 2024 hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa iyakar biyu daga cikin sinadaran a ruwan sha a kashi 4 cikin tiriliyan, abin da ke nuna maka ƙanƙantar adadin da ake jin tsoro. Adalci shi ne a faɗa cewa ba jirage marasa matuƙa ne suka kawo wannan ba, gado ne na shekaru hamsin na atisayen kashe gobara. To me ya haɗa su? Abu biyu. Sabuwar runduna na nufin sabon haƙa, kuma haƙa a ƙasar da ta gurɓace yana motsa abin da ke kwance, musamman in aka zuƙe ruwan da ya taru a ramin gini aka zubar a kwata. Na biyu, sabuwar rumfar jirgi na zuwa da na'urar kashe gobara, kuma ko da yake dokar Amurka ta 2020 ta umarci sojoji su daina amfani da kumfar nan, ƙasashe da yawa na nan da ita a rumbunansu. Takardar da ta ce gurɓatar PFAS “wani shiri ne daban ke kula da ita” ta bi ƙa'ida, amma ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa bai san an raba shirye-shirye ba.

Faɗuwa fa? Jaridar Washington Post ta ƙirga a 2014 cewa manyan jiragen soja marasa matuƙa na Amurka fiye da 400 ne suka yi mummunan hatsari tun 2001. Yawancinsu a fagen yaƙi ne, kuma sababbin jirage sun fi tsofaffin Predator aminci sosai. Duk da haka yana faruwa a gida: wani na sojin ruwa ya faɗa fadama kusa da Salisbury a Maryland a 2012, Reaper na rundunar Syracuse ya faɗa tafkin Ontario a Nuwamban 2013, Global Hawk ya faɗi a gona kusa da Grand Forks a Agustan 2021 ya kama da wuta. A Jibuti, hatsarurruka ne suka sa a 2013 aka kwashe jiragen daga sansanin Lemonnier, wanda ke raba titi da filin jirgin fasinja, zuwa filin Chabelley can cikin hamada. Ta fuskar muhalli illar faɗuwa ɗaya ba ta da faɗi: man da ya zube, batura, gobarar daji in rani ne, da kuma ƙurar zaren kabon da jikin jirgin ke saki in ya ƙone, wadda ke cutar da huhun masu kwashe tarkace fiye da kowa. Abin da ya kamata maƙwabci ya tambaya shi ne inda aka tsara jirgin zai je in ya rasa sadarwa da matuƙinsa. Kowane tashi na da wurin da aka shirya masa ya koma ya yi ta kewayawa har a sake kama shi, kuma wani ne ya zaɓi wurin a taswira. Ka tabbata ba saman madatsar ruwanku ba ne.

Akwai wani ƙaramin abu mai ban dariya da ke nuna yadda lissafi ke zillewa. Saboda ba mutum a ciki da zai leƙa ya ga wani jirgi, an daɗe ana tilasta wa Reaper na Syracuse, bayan sun fara tashi daga filin jirgin fasinja a Disamban 2015, su tafi da ƙaramin jirgi mai matuƙi yana biye da su har su shiga sararin da aka keɓe wa soja. Wato kowane tashi na marar matuƙi ya zama tashin jirage biyu, har sai da aka kafa radar a ƙasa. In ƙasarku na da irin wannan sharaɗi, duba ko an ƙirga ɗan rakiyar.

Eriya da radar na yawan tsorata mutane fiye da kima. Faifan da ke magana da tauraron ɗan'adam sama yake kallo, hatsarinsa na ga wanda ya tsaya dab da gabansa, shi ya sa ake kewaye shi. Rigimar da aka yi shekaru ana yi a Niscemi ta Sisili kan tashar sadarwar sojin ruwan Amurka ta haɗa da tsoron lafiya, amma hujjar da ta fi ƙarfi ita ce an kafa ta ne a cikin gandun dajin da doka ta kare. Filin atisayen harbi ya fi cancantar damuwa, domin burbushin abubuwan fashewa na zama a ƙasa, sai dai sau da yawa yana da nisan kilomita da dama daga sansanin kuma takarda daban ce ke magana a kansa.

Wani abu kuma, in sansanin na ƙasar waje ne aka girke a ƙasarku. Dokar muhalli ta Amurka da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1970, wadda ta haifar da duk wannan al'ada ta nazari da jin ra'ayin jama'a, ba ta bin sojojinta zuwa ƙetare yadda take aiki a gida. Abin da ke akwai umarnin shugaban ƙasa ne na 1979 mai sassauci sosai, sauran kuma ya danganta ga yarjejeniyar da gwamnatocin biyu suka sa wa hannu. Mutanen tsibirin Okinawa na Japan sun san wannan: an sami PFAS a ruwan da ke kewayen sansanin sojin Amurka na Kadena, inda aka mayar da Reaper daga wani sansani na Japan, Kanoya, a 2023, kuma hukumomin yankin sun daɗe suna neman izinin shiga su ɗebi samfuri.

Don haka, Malam, in lokacin karɓar ra'ayi bai wuce ba, kada ka ɓata takardarka wajen cewa ba ka yarda ba. Irin wannan ana ƙirga shi ne a ajiye. Abin da ke tilasta amsa shi ne tambaya mai lamba. Nemi yawan tashi da sauka tsakanin 10 na dare da 7 na safe, da ƙarar tashi ɗaya a daidai gidanka maimakon matsakaicin shekara, da wurin da za a riƙa gwajin inji. Nemi yawan mutanen da za su ƙaru da inda ruwansu zai fito, da irin kumfar da za a sa a sabuwar rumfa, da inda za a kai ƙasar da aka haƙa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka in akwai rafin da ke cika da damina ko wurin da tsuntsaye ke sauka wanda taswirarsu ba ta nuna ba, rubuta shi da kwanan wata da hoto. Kuma in da rijiya kuke sha, ku haɗa kuɗi da maƙwabta a kai ruwanku ɗakin gwaji mai iya auna PFAS tun kafin katafila ta farko ta shiga, ku adana sakamakon. In wani abu ya ɓullo bayan shekara biyar, tambayar farko da za a yi muku ita ce yadda ruwan yake kafin a fara gini.